Yadda Ake Shirya Zanen Alli Na Zaman Lafiya Da Allon Tunawa A Unguwannin Jos

Tun daga rikicin 7 ga Satumba 2001, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 1,000 cikin kwana shida, zaman Jos ya sauya. Na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 suka zo suka ƙarasa raba unguwanni, Musulmi suka tattara a nasu ɓangaren, Kirista a nasu. Yau za ka samu saurayi a Unguwar Rogo da bai taɓa shan ruwa a wani gida a Unguwar Rukuba ba, alhali iyayensu benci ɗaya suka zauna a firamare. Tarukan otal da jawabai sun yi nasu amfanin, amma ba su cika kaiwa ga irin wannan saurayin ba. Abin da zai kai gare shi sai aikin hannu, wanda zai durƙusa ya yi kafaɗa da kafaɗa da wanda aka ce masa ya ji tsoro.

Zanen alli a daɓen titi irin wannan aikin ne. Ba shi da tsada, ba ya ɓata ginin kowa, ruwa ɗaya ke wanke shi, don haka samun izininsa ya fi na fenti sauƙi. Wasu garuruwan duniya sun daɗe da gano haka. A birnin New York na Amurka, tun 2004, kowace ranar 25 ga Maris mutane kan fita da alli su rubuta sunaye da shekarun ma'aikata 146 da gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle ta kashe a 1911, kowane suna a ƙofar gidan da mai shi ya zauna. A Brussels kuwa, bayan harin 22 ga Maris 2016, jama'a sun cika dandalin tsakiyar gari da rubutun alli cikin harsuna daban-daban.

Sai dai wanda ya kwaso salonsu kai tsaye ya dasa a Jos zai iya tayar da abin da ya zo kashewa. Mu a nan ba ma ajiye suna a inda ake takawa. Saboda haka tsarin da zan bayyana kashi biyu ne: ado da kalaman zaman lafiya a ƙasa, sunayen waɗanda aka rasa kuma a sama, a kan allo.

Mataki na farko: a haɗa mutane kafin a sayi alli

Kada ƙungiya ɗaya ta gama shirinta sannan ta aika wa ɗaya ɓangaren katin gayyata. Wanda aka gayyata baƙo ne, baƙo kuwa yana iya ƙin zuwa. A fara da mutum takwas ko goma, rabi daga wannan unguwa rabi daga waccan, kuma shugabanci ya zama na mutum biyu. A tabbata akwai mata a ciki, domin su suka fi riƙe zumuncin da ya rage. A kasuwar Farin Gada da Taminus ba su daina ciniki da juna ba. A sa malamin makaranta ɗaya, a sa mai zane ɗaya ko biyu (mai rubuta allon shago ko mai zanen lalle ya wadatar), a kuma jawo ɗaya daga cikin samarin da ake jin maganarsu a majalisa, ko da ana yi masa kallon fitinanne. Gara yana cikin aikin da a ce yana tsaye gefe yana kallo.

Zaman shiri kuma a riƙa karɓa-karɓa da shi, yau a wannan unguwa, mako mai zuwa a waccan.

Mataki na biyu: neman izini da bayyana manufa

A fara da mai unguwa na kowane ɓangare, sannan liman da fasto na kusa da wurin. A je musu mutum biyu, Musulmi da Kirista tare, da hoton zanen a takarda da guntun alli a hannu. Magana ta kasance a buɗe, misali: "Ranka ya daɗe, yaranku ne na unguwannin nan biyu muke so mu yi zane da alli a filin makaranta ranar Asabar. Ga abin da za a zana, ga abin da za a rubuta. Idan akwai wanda bai kwanta maka ba, a cire shi tun yanzu." Ga liman kuma: "Allah gafarta Malam, babu aya, babu sunan Allah, babu sunan wani Annabi da zai taɓa ƙasa. Muna roƙon ka turo mana wanda zai duba kafin a fara." Haka za a gaya wa Baba Fasto, a roƙe shi ya sanar a majami'a ranar Lahadi, liman kuma ya faɗa bayan sallah.

Wannan sanarwar tana da dalili. Mutum ya wayi gari ya ga an yi zane-zane da farin alli a mararrabar unguwarsu, bai san wanda ya yi ba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne asiri, ko kuma an yi wa gidaje alama. A garin da ya sha ganin tashin hankali, jita-jitar sa'a ɗaya ta isa. Don haka ba a yin wannan aiki da dare, ba a yin sa da asuba kafin mutane su fito, ba a kuma yin sa a ƙofar gidan da mai shi bai sani ba.

Daga nan a rubuta takarda zuwa ga difi'o, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankin. Idan wurin na gwamnati ne, kamar gefen babban titi ko shataletale, a sanar da hukumar raya birnin Jos, wato JMDB. Yana da kyau kuma a leƙa Hukumar Gina Zaman Lafiya ta Jihar Filato, wadda gwamnatin Simon Lalong ta kafa a 2016. Aikinsu ke nan, kuma sun san waɗanda ya kamata a gani a kowace unguwa. A riƙe kwafin kowace takarda da aka buga wa hatimi, a zo da ita ranar aiki.

Mataki na uku: wuri da rana

Yawancin titunanmu ba su da dakalin masu tafiya a ƙafa mai faɗi, inda yake kuma 'yan tireda sun riga sun shimfiɗa kaya. Wuraren da suka fi dacewa su ne harabar firamare ko sakandare mai daɓen siminti, filin ƙwallon kwando, farfajiyar asibitin sha-ka-tafi, ko barandar jerin shaguna idan masu su sun yarda. A zaɓi wanda yake bakin iyakar unguwannin biyu, inda kowa zai iya zuwa ya koma ba tare da ya ratsa lungun da yake tsoro ba. Siminti mai ɗan kaushi ya fi kama alli. Mai santsi sosai ba ya riƙe launi, kwalta mai tsakuwa kuma tana cinye alli kafin a yi nisa.

Kada a tare hanya ko da na minti goma ne. Duk ɗan Jos ya san rikicin 2001 ya faro ne ranar Juma'a a yankin Kongo-Rasha daga saɓani kan wucewa ta titin da aka tare. Titi a garin nan abu ne mai zafi. A bar masu Keke da masu tafiya su wuce yadda suka saba.

Asabar da safe ta fi, daga ƙarfe tara zuwa azahar, sai dai idan ta faɗo ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Juma'a da Lahadi a bar su. A guji lokacin yaƙin neman zaɓe da makon da ake jiran sakamako. A karon farko kuma ban ba da shawarar a ɗauki ranar da wani rikici ya auku ba, domin kowane ɓangare yana da nasa labarin wannan ranar. Akwai ranaku biyu da ba na kowa ba ne: 21 ga Satumba, Ranar Zaman Lafiya ta Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da 7 ga Fabrairu, wadda gwamnatin Lalong ta ayyana a matsayin Ranar Yafiya da Sulhu ta Jihar Filato. Ta Satumba tana cikin damina, damina a Jos kuwa takan kai Oktoba, don haka a fara da wuri, a tanadi tamfol, a kuma sa rai ruwa zai iya wanke zanen kafin magariba. Ta Fabrairu babu ruwa, sai sanyin safiya da iskar hunturu mai kwashe garin alli. Ni na fi son ta Fabrairu, don zanen yakan kwana biyu mutane suna zuwa gani.

Mataki na huɗu: abin da ake zanawa da wanda ba a zanawa

Nan ne kwamiti zai fi daɗewa, kuma ya kamata ya daɗe.

Abin da ba ya sauka ƙasa ko kaɗan: sunan Allah a kowane harshe, ayar Alƙur'ani ko ta Littafi Mai Tsarki, sunan Annabi, gicciye, wata da tauraro, hoton masallaci ko majami'a. Na san hoton masallaci kusa da coci shi ne abin da yaro zai fara tunani idan aka ce ya zana zaman lafiya, kuma niyyarsa mai kyau ce. Amma gobe akuya za ta bi ta kai, wani ya taka da takalmi, wani kuma ya ɗauki hoton ƙafar ya sa a Facebook ba tare da bayani ba. Rubutun Larabci ma a bar shi gaba ɗaya, ko da na ajami ne mai cewa "sannu da zuwa", domin mai wucewa ba zai tsaya tantancewa ba.

A bar alamun jam'iyyu. Tsintsiya da lema duk sun zama na siyasa, don haka karin maganar "tsintsiya maɗaurinki ɗaya", duk da dacewarta, ba ta shiga. Dagin Arewa ma a yi hankali da shi. Mu muna ganinsa ado ne na riga da bangon gida, amma akwai maƙwabtanmu da ke karanta shi a matsayin tutar wani ɓangare. Haka idan wani ya kawo alamar da ta keɓanta da ƙabilarsa, a roƙe shi ya ajiye. Kada a zana bindiga, adda, wuta ko jini, ko da an ja musu layin hani. Kada a rubuta adadin waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, kada a rubuta wanda ya fara. Fuskar mutum kuma gara a bar ta, tunda malamai da yawa ba su yarda da zana mai rai ba, kuma ba a son wani ya janye ɗansa saboda haka.

To me ya rage? Da yawa. Garin nan cike yake da abin da kowa ke cewa nasa ne: duwatsun Shere, dutsen Riyom mai ɗaure kai, shingen ƙerana, tafkunan da haƙar kuza ta bari, zangarniyar acca, kwandon tumatir da kabeji da dankalin Turawa, bishiya mai rassa da yawa. Ana iya kai yara gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, su ga adon tukwane da zanen bangon gine-ginen gargajiya da ke harabar, su kwafo abin da ya burge su. Masu lalle suna da furanni da sarƙaƙƙen zane da ke cika fili da kyau. Samari kuwa ka ba su ƙwallo da launin Plateau United, wadda ta ci gasar ƙasa a 2017, ka ga yadda musu zai koma na wasa.

Idan ana son zane mai labari, a zana ƙofa a buɗe. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga maharan. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. A cikin Jos ma akwai Kiristocin da suka ɓoye Musulmi da Musulmin da suka ɓoye Kirista, waɗanda ba a taɓa buga sunansu a jarida ba. Ƙofar tasu ce duka. Wani dattijo ya tsaya kusa da ita ya ba yara labarin da baki.

Kalamai su zama gajeru, da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci da Berom da Afizere da Anaguta da duk harshen da ake ji a unguwar: "Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." "Maƙwabci ɗan'uwa ne." "Jos gidanmu ne duka." Kowace jimla a sa mai harshen ya rubuta ta a takarda tukuna, wani mai harshen ya sake dubawa. Abin da kwamiti ya amince da shi kawai ake rubutawa ranar aiki.

Mataki na biyar: allon sunaye

Wannan shi ne sashe mafi nauyi, kuma idan kwamiti bai shirya masa ba, a yi zanen ƙasa kaɗai a wannan karon, a bar sunaye sai gaba.

Dalilin ɗaga sunaye sama a bayyane yake. Cikin waɗanda muka rasa akwai Muhammadu da Abdullahi da Isa da Maryamu, akwai Emmanuel, akwai masu sunayen Filato da suka fara da Nan ko Nen, waɗanda sunan Ubangiji ne a cikinsu a harsunan masu su. Ko da ma sunan bai ƙunshi haka ba, babu uwar da za ta so ta ga ana taka sunan ɗanta.

A samo katakon filawud biyu ko uku, a shafe su da baƙin fentin allo sau biyu, a bar su su bushe. Kada a yi amfani da baƙin cikin tsohon batir kamar yadda ake yi a wasu makarantu, yana da illa ga hannu da numfashi. Kafinta ya yi musu ƙafafu masu ƙarfi yadda gindin allon zai tashi daga ƙasa kamar kamu biyu, a jingina su a inuwa inda iska ba za ta kayar ba.

Ba a rubuta sunan kowa sai da yardar iyalinsa. Mako biyu ko uku kafin ranar, mutum biyu daga kwamiti su bi gida-gida, mace ta shiga wurin mata. A yi sallama, a gaisa, a yi ta'aziyya kamar yau abin ya faru, sannan a faɗi abin da ya kawo su: "Mama, muna so mu tuna da waɗanda aka rasa daga unguwannin nan biyu, a allo ɗaya. Idan kin yarda a sa sunan ɗanki, ke za ki rubuta ko ki zaɓi wanda zai rubuta. Idan ba ki so, babu komai, ba za a sa ba." Wasu za su ce su sun bar wa Allah, ba sa son a tayar musu da mikin. Wasu za su ce ba za a haɗa sunan nasu da na waɗancan ba. A karɓi amsar, a yi godiya, a tashi. Kada a yi musu wa'azi, kada a koma sau biyu. Akwai kuma iyalan da har yau ba su ga gawa ba, mutum ya fita bai dawo ba; a tambaye su ko suna so a sa shi, kada a yanke musu hukuncin cewa ya mutu.

A jera sunayen bisa harafin farko, ba bisa addini ko ƙabila ko shekarar rasuwa ba. Ta haka Bitrus zai zo kusa da Bilyaminu, Ladi kusa da Laraba, ba tare da an ce wa kowa ya matsa ba. Girman rubutu ɗaya, launi ɗaya, fari. Babu Alhaji, babu Rabaran, babu Cif. A ja layuka da rula tun da wuri, a sa ɗan ɗigo a inda kowane suna zai fara, don kada na farko su cinye wuri. A saman allon a rubuta abu ɗaya kawai, kamar "Muna tunawa da su". A bar layuka biyu ko uku babu komai a ƙasa saboda waɗanda iyalansu ba su zo ba.

Idan wani yana so a ambaci maƙwabcin da ya ɓoye shi, sai an tambayi maƙwabcin. Akwai wanda har yanzu bai so mutanen unguwarsu su san abin da ya yi ba.

Mataki na shida: haɗa alli

Allin aji siriri ne, yana karyewa, kwali guda ba ya cika taku biyu. A ajiye shi don allon sunaye. Na ƙasa gara a haɗa shi da hannu, kuma haɗawar ma wata dama ce ta tara yaran unguwannin biyu mako guda kafin ranar.

Kayan aiki: garin fi'ofi da ake yin silin da shi (ana samu a shagunan kayan gini), ruwan sanyi, fentin ruwa na 'yan makaranta ko kalar abinci, tsohuwar roba, sanda ta juyawa, salatif, leda, da mazubi. Mazubi yana iya zama bututun kwalin da ke cikin takardar bayan gida, ko fayif ɗin roba da aka yanka tsawon yatsa biyu aka tsaga gefensa, ko ƙananan kofunan roba.

A toshe gindin kowane bututu da salatif, a naɗa leda ta ciki don kada ya manne, a jera su tsaye cikin kwali. A zuba kofi 2 na ruwa a roba, a narka launi a ciki har ya yi duhu fiye da yadda ake so, domin yana dusashewa idan ya bushe. Sannan a riƙa barbaɗa kofi 3 na garin a kan ruwan, ana juyawa. Gari ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba, in ba haka ba ya yi gudaji. Idan ya yi kaurin ƙullin ƙosai, a zuba a mazubi nan take, a ɗan bubbuga gefen don iska ta fita. Kada a kwaɓa da yawa lokaci ɗaya, domin cikin minti goma zuwa sha biyar ya fara daskarewa. Za a ji yana ɗumi, haka yake yi. Bayan sa'a ɗaya ko biyu a ɓare mazubin, a shanya a inuwa mai iska: kwana uku da rani, mako guda da damina. Wanda bai bushe ba yana da sanyi a hannu, kuma dagargajewa yake yi.

Babba ne ke kwaɓawa, da takunkumi a hanci. Kada yaro ya tsoma hannu cikin kwaɓin ya bar shi ya daskare, zafinsa yana ƙona fata ƙwarai. Ragowar kuma kada a zuba a kwata ko bahon wanka, toshewa zai yi. A bar shi ya bushe a roba a ɓamɓare. Fentin mai da fentin bango ba sa shiga wannan haɗin, don ba za su wanku daga daɓen mutane ba.

Don cika fili mai faɗi, a dama sitaci ko garin masara mai laushi da ruwa, kofi ɗaya-ɗaya, a ɗiga kalar abinci, a shafa da soso ko burushi. Yana bushewa ya yi haske. Wanda ba shi da kuɗin kala, ƙasarmu ta tanada: farar ƙasa, jar ƙasa da aka tankaɗe, gawayi don baƙi, bula don shuɗi, kurkur don rawaya. Kurkur yana kama siminti ya daɗe, don haka a gwada shi a lungu tukuna.

Mataki na bakwai: ranar aiki

'Yan kwamiti su riga kowa zuwa. A share wurin sosai, a tsince ƙusa da kwalba, a bar shi ya bushe idan akwai raɓa. A kewaye filin da igiya.

Zanen da aka amince da shi yana takarda, an raba takardar gida-gida, misali gida 6 a tsaye, 8 a kwance. Haka za a raba ƙasa, kowane gida rabin mita. Hanya mafi sauri ita ce a shafe doguwar igiya da alli, mutum biyu su ja ta ta miƙe a ƙasa, na uku ya ɗaga tsakiyarta ya saki. Za ta bar miƙaƙƙen layi. Da'ira kuma, ɗaya ya danne bakin igiya a tsakiya, ɗaya ya ɗaura alli a ɗaya bakin ya zagaya. Mai zane ya fitar da jigon hoton da farin alli, gida bayan gida, ya sa ɗigon launin da za a cika kowane wuri da shi.

Sai rabon aiki, kuma a nan ne amfanin ranar yake. Kowane gida a ba mutum biyu, ɗaya daga kowace unguwa, a ba su alli ɗaya na kowane launi, ba biyu ba. Dole ɗaya ya ce wa ɗaya miƙo min ja. Idan aka bar yara su zaɓi abokin aiki, kowa wurin nasa zai koma. 'Yan mata da 'yan mata, samari da samari, don iyaye su samu natsuwa.

A fara daga tsakiya a yo waje, ko daga sama a yo ƙasa, don kada a taka abin da aka gama. Launi mai haske ake fara sawa, baƙi a ƙarshe. A durƙusa a kan kwali, a murza launi da guntun soson katifa ya shiga ramukan siminti. Tsoma bakin alli a ruwa yana sa launi ya fito sosai. Kada a hure gari da baki, yana shiga ido. Mai asma ya tsaya ɓangaren sitaci. A keɓe wani gefe don ƙananan yara su zana 'yar gala-gala su yi wasansu, tare da babba mai lura da abin da suke rubutawa da jiƙaƙƙen tsumma a hannunsa.

Idan zanen ƙasa ya yi nisa, sai a tsayar da komai a koma gaban allo. A kashe kiɗa idan akwai. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi, kowanne minti biyu, an riga an gaya musu ba ranar huɗuba ba ce. Sannan a riƙa kiran iyalai ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ba ta iya rubutu ba, jikarta ta riƙe allin, ita ta ɗora hannunta a kan na yarinyar. Wani zai rubuta harafi biyu hannunsa ya kama rawa. Kada a karɓe allin, a jira shi. A tanadi benci a inuwa da ruwan sha, da mata biyu masu haƙuri da dattijo ɗaya da za su zauna da duk wanda kuka ya ci ƙarfinsa. Ba a ba ɗan siyasa lasifika, ko da shi ya sayi kayan. Ba a ɗaukar hoton mai kuka. Hoton zanen kuma a hau bene ko tsani a ɗauka daga sama, a nemi izinin iyaye kafin a sa fuskar yaro a intanet.

Idan wani ya zo da tsokana, kada samari su amsa. Mutanen ɓangarensa da ke cikin kwamiti su ja shi gefe. An raba wannan aikin tun kafin ranar: kowa shi ke kula da nasa.

A rufe da cin abinci a faranti ɗaya, ko masa ce ko gwate, daga hannun mai dafawar da kowa ya yarda da ita.

Mataki na takwas: bayan an tashi

Zanen ƙasa a bar wa ruwa da ƙafafu, sai dai idan mai wurin ya ce a wanke, to a wanke a ranar da aka yi alkawari. Allon sunaye kuwa ba ya kwana a waje, don kada wani ya goge suna ko ya ƙara abin da ba a so. A kwafe sunayen a littafi biyu, kowace unguwa ta riƙe ɗaya. Idan za a goge, iyalai ko dattawa su goge da tsumma mai tsabta, a matse a kwano, a zuba ruwan a gindin bishiya inda ba a takawa.

Za a samu masu cewa a mayar da shi na dindindin, a yi da fenti ko a sassaƙa a dutse. Kada a yi gaggawa. Abin da zai dawwama yana buƙatar yardar mutane da yawa fiye da waɗanda suka zo, da mai gadinsa, da amsar tambayar sunan wa aka bari. A yi na alli sau biyu ko uku tukuna, a ga ko iyalan da suka ƙi a farko sun fara aiko da sunaye. Kafin nan, dasa bishiya a harabar makarantar ya isa.

Cikin mako guda kwamiti ya zauna, a karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, a koma a yi wa masu unguwa da liman da fasto godiya, a ji ƙorafin da ya biyo baya. A wannan zaman ake tsayar da ranar na gaba, kuma a matsar da wurin ya ɗan ƙara shiga cikin ɗaya unguwar. Ragowar alli da allunan a damƙa su ga mutanen unguwar da za a je, shugabannin biyu su sa hannu a takardar.